Idan doka ta sauya ba sanarwa

A 1948 Grant da Berg na jami'ar Wisconsin a Amurka suka ƙirƙiro wani gwajin kati. Mutum zai raba katuna bisa launi, ko siffa, ko yawan zanen da ke kansu. Ba a gaya masa doka, sai dai a ce "daidai" ko "kuskure". Idan ya dace sau 10 a jere, sai a sauya dokar a ɓoye.

Mai lafiya kan yi tuntuɓe kaɗan ya gano. Amma a 1963 Brenda Milner ta nuna a Kanada cewa waɗanda aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa kan kafe a tsohuwar doka. Ke nan abin da dangi ke kira taurin kai bayan haɗarin mota, wani sa'in ciwo ne.

A 1991 Faransawa biyu, Dehaene da Changeux, suka kwaikwayi lamarin cikin kwamfuta: rukunonin jijiyoyi na lissafi, kowane riƙe da doka guda. Saƙon kuskure ke tumɓuke rukunin da ke kan gado, wani ya hau. Da suka raunana saƙon, sai na'urar ta yi ta maimaita kuskurenta, tamkar majinyatan Milner.