Kaboyin da ya san yara na kallonsa

Gene Autry, kaboyin Amurka mai waƙa bisa doki, an haife shi a Texas a 1907, ya rasu a 1998. Daga buga wayar tangarahu a tashar jirgin ƙasa ya kai ga fitowa a finafinai 93.

Da ya ga yara na kwaikwayonsa, sai ya tsara musu ƙa'idoji 10. A ciki akwai: kaboyi ba ya fara harbi, ba ya ƙarya, ba ya saɓa alkawari, ba ya ƙyamar kowa don addini ko launin fata.

Kullum a aji nakan ga ɗalibaina da askin mawaƙa da tafiyarsu. To jama'a, mawaƙanmu na yau wace ƙa'ida suka ba su? Duk wanda yara ke bi, malami ne, ko ya so ko ya ƙi.