Kafin ka sayi karen gadi, tambayi lafiyar ƙugun iyayensa

Jama'a, yau ina so mu ɗan ajiye maganar canji da ta kwastan, mu duba wata asara da ke cin 'yan kasuwarmu a ɓoye, wadda da yawa daga cikinmu ke jin nauyin faɗa saboda magana ce ta kare. Duk wanda ya san Atonsu, a kan hanyar da ta fita daga Kumasi zuwa tafkin Bosomtwe, ya san yadda gidaje masu katanga da sito-sito na ajiyar kaya suka yawaita, kuma ya san cewa da wuya ka wuce layi biyu da dare ba ka ji haushin wani ƙaton kare ba. Mutanenmu na Zango da ke saro kaya a Kejetia su kai Paga ko Bawku ko Aflao sun rungumi wannan ɗabi'a, domin mutum kan yi kwana da kwanaki a hanya, ya bar dukiya da iyali a baya. Malamai sun daɗe da bayyana halascin ajiye kare don gadi da farauta da kiwo, saboda haka ba wannan ce muhawarar ba. Muhawarar ita ce yadda muke sayensa da yadda muke renonsa.

Wani maƙwabcina a nan Atonsu, ɗan kasuwar hatsi, ya sayi ɗan kwikwiyo jinsin Boerboel da kuɗin da zai sayi ragon layya mai kyau har ya yi saura. Mai sayarwa ya nuna masa hoton uban a waya, ƙato kamar maraƙi, ya ba shi katin allura, aka gama ciniki. Wata bakwai bayan haka kwikwiyon ya fara gudu da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo, in ya kwanta sai ya yi ta fama kafin ya tashi. Da aka ɗauki hoton ƙashinsa, likitan dabbobi ya ce gaɓar ƙugunsa ce ba ta zauna daidai ba, kuma gado ne. Da aka koma wa mai sayarwa, cewa ya yi ai lafiya lau ya sayar. A yau karen na nan kwance a tsakar gida, shi ake gadi.

Wannan ciwo da likitoci ke kira hip displeshiya, wato sassaucin gaɓar ƙugu, ba sabon abu ba ne. Tun 1935 wani likitan dabbobi a Amurka mai suna Gerry Schnelle ya bayyana shi a jikin karnuka. Yadda abin yake shi ne, kan ƙashin cinya a mulmule yake, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Ana haihuwar kwikwiyo da gaɓar lafiya lau, to amma a wanda ya gaji matsalar, gaɓar kan yi sako-sako tun a makonnin farko, sai kan ƙashin ya riƙa gocewa yana gugar bakin gurbin. A hankali guringuntsi ya cinye, gurbin ya baje, amosanin gaɓa ya shiga. Alamun kan bayyana galibi tsakanin wata 5 zuwa shekara guda: ɗingishi bayan wasa, ƙin hawa matakala ko tsalle cikin mota, rangaji a tafiya, da ramewar cinyoyi alhali ƙirji na ƙara faɗi. Wasu kuma ba sa nuna komai sai girma ya kama su. Ya fi kama manyan jinsuna, irin su Alseshiyan da muke kira karen 'yan sanda, da Rottweiler da Labrador da Boerboel, wato dai ainihin waɗanda muke rububin saya. Irin wannan matsala kan kama gwiwar ƙafar gaba ma.

Ra'ayina a nan shi ne, laifin kashi biyu ne, kuma kashin farko na masu kiwon karnukan sayarwa ne. A ƙasashen da aka samo waɗannan jinsuna an daɗe da gane cewa hanyar rage ciwon ita ce a tantance iyaye kafin a haɗa su barbara. A Ingila tun 1965 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta soma tsarin duba hoton ƙugu, kuma sai kare ya cika shekara guda ake ba shi maki. A Amurka an kafa gidauniyar OFA a 1966, ita kuma sai kare ya kai wata 24 take ba da shaidar ƙarshe. A 1993 Jami'ar Pensilbaniya ta fito da tsarin PennHIP mai auna sassaucin gaɓa tun kwikwiyo na da mako 16. A nan wurinmu kuwa, abin da mai saye ke gani shi ne girman kai da faɗin ƙirji, mai kiwo kuma ya haɗa duk kare da karyar da suka fi cika ido, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya. Wanda ya san karyarsa ta haifi guragu sau ɗaya ya sake haɗa ta don kuɗi, ya ci amanar ciniki, daidai da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake.

Mai kiwo zai ce hoton ƙashi na da tsada, kuma karnukansa gudu suke kamar barewa. Amsa ita ce kuɗin hoton karya ɗaya bai kai kuɗin kwikwiyo ɗaya cikin waɗanda za ta haifa ba, sannan kare na iya gudu yana ɗauke da gurɓatacciyar gaɓa, ya kuma gadar wa 'ya'yansa. Gaskiya ne iyaye masu lafiyayyen ƙugu kan haifi mai matsalar jefi-jefi, domin ba ƙwayar gado ɗaya ce ke haddasa ta ba. Amma sayen ɗan iyayen da aka tantance ya fi sayen kifi a ruwa nesa ba kusa ba. Kuma ba za a ce babu masana a kusa ba, tunda jami'ar KNUST da ke nan Kumasi tana da makarantar koyon likitancin dabbobi, ga kuma ofisoshin kula da lafiyar dabbobi na gwamnati.

Kashi na biyu namu ne, mu masu saye. Mun ɗauka kare kamar ragon turka ne, a ɗura masa abinci ya yi ƙiba maƙwabta su yaba. Wani bincike da aka yi a Amurka kan karnukan Labrador 48, aka fitar da sakamakonsa na farko a 1992, ya isa darasi. An raba su biyu, 'yan uwan juna, rabi na cin iya cinsu, rabi kuma aka rage musu kashi 25 cikin ɗari na abincin. Da suka cika shekara biyu, 16 cikin 24 na masu cin ƙoshi sun kamu da ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa 7 ne kacal cikin 24. Da aka bi su har ƙarshen rayuwa, rahoton 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa abinci sun fi tsawon kwana da kusan shekara biyu. Wato ƙibar da muke alfahari da ita, ita ce ke danne gaɓar da ba ta gama ƙwari ba. Kwikwiyon da ke kan daidai shi ne wanda in ka shafa gefensa za ka ji haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba.

Haka nan a guji ɗirka masa ƙwayoyin kalsiyam don wai ƙashi ya yi ƙarfi, domin yawansa na ɓata ginin ƙashin manyan kwiyakwiyi. Ciyar da shi tsokar nama zalla daga mahauta shi ma na raunana ƙashi. Wani bincike da aka yi a Norwe, aka buga a 2012, ya gano cewa kwiyakwiyin da ke hawa matakala kafin su cika wata uku sun fi shiga haɗarin ciwon. Don haka mai gidan bene ya kula, mai tsakar gida na tayil mai santsi ya shimfiɗa masa buhu ko tabarma. Ɗaure shi da sarƙa yini guda sannan a sake shi da dare ya yi ta tsalle, shi ma ba gata ba ne.

Idan kuma ciwon ya riga ya bayyana, don Allah kada a shiga kemis a sayo masa maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac na iya huda cikin kare su kashe masa ƙoda. A kai shi wurin likitan dabbobi, akwai magungunan da aka yi dominsu, akwai rage nauyi da tafiya sannu-sannu a kan ƙasa mai laushi, akwai kuma aikin tiyata ga wanda abin ya yi wa tsanani. Jefar da shi a bola ko sakinsa a titi don ya daina amfani zalunci ne, kuma za a tambayi mutum a kan duk dabbar da ya ajiye.

Ga 'yan uwana masu ɗaukar kwiyakwiyi daga Kumasi ko Akara su tsallaka da su Burkina Faso da Togo da Nijar, ku sani katin allurar haukan kare da takardar lafiya da ake nema a kan iyaka ba su ce komai game da ƙugu ba. Ku je gidan mai kiwon da kanku, ku ga uwar tana tafiya, ku ga yadda take tashi daga kwance. Ku nemi hoton ƙashin iyaye da sa hannun likita. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa in ciwon gado ya bayyana cikin shekara guda za a mayar da kuɗi ko a musanya, kamar yadda muke yi a kowane babban ciniki. Ranar da masu saye goma suka juya baya saboda babu hoto, mai kiwo da ƙafarsa zai nemi likita.

Daga ƙarshe, kada mu raina na gida. Karnukanmu na ƙauye da na mafarauta, da irin Azawak na makiyayan Mali da Nijar, ba su da nauyin jiki, sun saba da zafinmu da abincinmu, kuma wannan ciwo bai cika damunsu ba. Ɓarawo haushi yake tsoro, ba ya tsayawa tambayar jinsi. Wanda kuma ya ga lallai sai na waje, to ya saya da ido buɗe, ya rene shi da awo. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muka ajiye.