A Buɗe Zaurukan Koyon Saƙa Tun Masaƙanmu Na Raye

Ya ku jama'ar Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato da Damagaram, da duk garin da aka taɓa jin ƙarar ƙoshiya a ƙofar gida. Kirana gare ku guda ɗaya ne, kuma na gaggawa ne. Duk garin da ya rage da masaƙi ko da ɗaya ne, ko tsohuwa mai kaɗi ko da ɗaya ce, a buɗe zauren koyon saƙa a ƙarƙashin ƙungiyar masu sana'ar, inda yaro da babba, mace da namiji, ɗan gado da wanda bai gada ba, za su zauna su kama zare da hannunsu. A yi shi bana, kada a ce sai baɗi. Galibin waɗanda suka iya aikin nan furfura ta cika musu kai, kuma duk wanda ya riga mu gidan gaskiya a cikinsu, da iliminsa ake binne shi.

Ku tuna ko mu su wane ne a wannan fage. A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya ga kasuwancinta da idonsa. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu har gaɓar teku ta yamma, suna shiga Barno ta gabas. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa kowace shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Babu inji ko ɗaya a cikin wannan lissafi. Manomi ne ya noma auduga, mata suka gurza suka shiɓe suka kaɗa, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, maɗinki ya haɗa, fatake suka ɗora wa raƙuma da jakuna daga Kasuwar Kurmi. Marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498, tana nan har yau tana ba da shaida. Kura ta yi suna da turkuɗi da rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa har shuni ya kama musu fuska. Minjibir ta yi suna da gwado da farin saƙi mai faɗi.

Ko Turawan mulki sai da suka sha mamakin ƙarfin masaƙanmu. Ƙungiyarsu ta noman auduga, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta ci burin kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Lankasha da zarar jirgin ƙasa ya iso Kano. Layin dogo ya iso a 1911, amma audugar ba ta bi shi yadda suka so ba, domin masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja. Da manoma suka tashi neman abin da za su sayar wa kamfanonin waje, sai suka rungumi gyaɗa.

To, yau ina muke? Yadin inji mai araha ya cika kasuwa. Manyan masaƙun zamani na Kakuri a Kaduna, waɗanda suka fara da KTL a 1957, su ma sun durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Shiga Kantin Kwari ka duba atamfa da shadda da leshi, mafi yawansu daga ƙetare aka shigo da su. Jama'ar da ta tufatar da Sahara yau tana jiran kwantena daga Sin kafin ta yi ɗinkin Sallah. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Amma babban ciwon yana cikin gidajen masaƙan kansu. Da can gado ne ke riƙe da sana'ar. Yaro zai tashi yana naɗa wa mahaifinsa zare a kwarkwaro, yana riƙe masa wadari, kafin ya balaga ya zauna a masaƙa. Yarinya tana gefen kakarta da ɗan mazarinta tun ba ta kai aure ba. Wannan hanya ta yanke. 'Ya'yan masaƙa sun tafi makaranta, sun tafi birni, wasu sun kama acaɓa da sayar da katin waya, kuma ba wanda zai zarge su, domin kowa inda zai sami abinci yake nufa. Idan gado ya kasa, wajibi ne a buɗe ƙofa ga duk mai so. Ƙungiyar masaƙa ce kaɗai za ta iya wannan, don masaƙi ɗaya ba shi da wuri, ba shi da jari, ba shi da muryar da za ta tara jama'a.

Wani zai ce ai an rubuta littattafai a kan saƙa, an ɗauki hotuna, an ajiye tsofaffin riguna a Gidan Makama. Madalla da wannan. Sai dai akwai ilimin da yatsa ne kawai ke riƙe shi. Dubi mai kaɗi. Ta gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi. Sai ta shafa alli a yatsunta, ta murza mazari, hannun hagu yana jan auduga sama a hankali, zare yana fita siriri kai ɗaya. In ta ja da ƙarfi ya tsinke, in ta sassauta ya yi gudaji. Ta san murzar da ake yi wa zaren wadari don ya yi ƙwari, ta san wadda ake yi wa abawa don ta yi taushi. Tambaye ta yadda take ganewa, ba za ta iya faɗa maka da baki ba, sai dai ta kama hannunka ta ɗora a kan nata.

Haka masaƙi. Ya kafa turaku ya yi wadari, yana kai da komo yana ƙirga zare, fari kaza baƙi kaza, domin tun a nan ake yanke ko saƙi ne mai kalar zabo zai fito ko barage. Ya zura kowane zare ta cikin andira da matsefi, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ƙarshen wadarin a jikin kunkuru mai ɗauke da dutse can nesa da shi. Sannan ya zauna: ƙafa na takawa, andira na hawa da sauka, ƙoshiya na wucewa daga hannu zuwa hannu, matsefi na bugawa. Ƙafa biyu da hannu biyu kowanne da aikinsa, kuma in ɗaya ya saɓa, gefen ƙyallen zai karkace. A karofi ma haka ne. Marini ya zuba baba da toka da katsi a rijiya, ya bar su kwanaki, kuma da wari da kumfa yake gane ta nuna. Ya tsoma ƙyalle ya fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Wanda bai tsaya a bakin rijiyar ba, bai san rini ba.

Ga yadda nake ganin zauren zai kasance, kuma bai fi ƙarfin kowane gari ba. Ƙungiya ta nemi rumfa ko zaure, ta kafa masaƙa huɗu ko biyar. A ware Asabar da Lahadi, da lokacin hutun makaranta. Kada ɗalibai su wuce goma a gaban malami ɗaya, don kowa ya samu zama a masaƙa. Mata su sami nasu wuri a cikin gida, da uwar ɗakin da ta iya kaɗi da saƙar mata mai faɗi, wadda ake kafawa a tsaye. A fara daga auduga, a bi ta kaɗi da wadari da saƙa, a kai ɗalibai marina da wurin bugu su gani su taɓa. Tun makon farko ɗalibi ya kama ƙoshiya, ko da abin da zai saƙa ya fito a karkace. Bayan wata uku kowa ya fita da abin da ya yi da hannunsa, majayi ne ko gyale ko ƙaramin gwado. A yi bikin yaye su dab da Sallah, a baje kayan a sayar. Kuma a biya malaman kuɗi mai mutunci, domin tsohon da ya bar aikinsa ya zauna koyarwa yana da iyali.

Masu cewa saƙa ba ta da kasuwa, su leƙa maƙwabta. A Iseyin da Ilori masaƙan aso-oke suna aiki, saboda Bayerabe ba ya jin biki ya cika sai da shi. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya umarci ma'aikatan gwamnati su sa Faso Dan Fani, saƙar gida da audugar gida, kuma har yau mutanen ƙasar suna alfahari da ita. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya saƙar kente ta Gana cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. A wannan zama ɗin ne aka sanya Hawan Sallah na Kano. To, mahayin da duniya ta zo kallo, wa zai saƙa masa rawani nan da shekara ashirin? Gaskiya ne saƙar hannu ba za ta yi gasar araha da atamfa ba, kuma ba a nemi ta yi ba. Kasuwarta tana wurin naɗin sarauta da lefe da suna da kyautar girmamawa, inda mutum ke neman abu mai daraja da zai daɗe har jika ya gada.

Ya ku iyayenmu masaƙa da marina da masu kaɗi, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Muna roƙonku ku saki hannu. Kada ku ce wannan ba ɗan gidan saƙa ba ne. Wanda ya zo da ladabi yana son koyo, ku karɓe shi kamar ɗan cikinku. Wanda ya san yadda ake dafa gidan tsutsar tsamiya da toka a kaɗa zarenta, ya nuna wa wani tun yau.

Ya ku iyayen yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hutun makaranta da yaro zai ƙare a kan waya, ku ba shi kuɗin mota ya je zaure. Saƙa ba za ta hana shi zama likita ba, za ta koya masa haƙuri da ƙirga da gama abin da ya fara.

Ya ku matasa, ku da kuka iya ɗinki da zanen kaya da tallar haja a waya, ku ne za ku kai saƙi inda tsofaffi ba za su iya kai shi ba. Ku koya, sannan ku fito da jaka da hula da labule da rigar zamani daga saƙar gida. Ɗaliban sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ku fito daga aji ku durƙusa gaban masaƙin ƙauye, shi ma farfesa ne a fanninsa.

Ranku ya daɗe sarakuna da hakimai da dagatai, sana'o'in nan a ƙarƙashin inuwarku suka girma, ku ne kuke naɗa Sarkin Masaƙa da Sarkin Marina. Ku kira su, ku ba su fili, ku halarci bikin yaye ɗalibai, ku sa saƙar garinku ranar hawa. Abin da talaka ya gani a jikin sarki, shi zai nema a kasuwa.

Alhazan Kantin Kwari da sauran masu hali, kafa masaƙar hannu katako ne da igiya da zare, ba ta kai kuɗin bandir ɗin shadda mai tsada ba. Kowannenku ya ɗauki nauyin ɗalibai biyar, ya ware kanta ɗaya a shagonsa don kayan gida. Ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi kuwa, in za a yi rabon kayan sana'a, a tuna da masaƙa. In za a yi wa baƙo kyauta, a sayi gwadon Minjibir ko rawanin Kura kai tsaye daga hannun wanda ya yi shi.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira a kafa kwamiti. Cikin makon nan ka tambaya ko akwai masaƙi a unguwarku ko ƙauyenku. Ka je ka gaishe shi, ka sayi abin da ya saƙa ba tare da ka karya masa farashi ba, ka tambaye shi ko zai yarda ya koyar. In ya amsa, ka nemo mutum tara ka zama na goma, ku je wurin mai unguwa ku nemi zaure. Allah ya ba mu ikon farawa, ya sa wa sana'ar albarka.