Wutar Garin Mani

Wannan wata za mu ƙetare teku zuwa ƙasar mutanen Maya, wato kudancin Meksiko da Guwatemala. Tun kafin Turawa su sa ƙafa can, mutanen nan sun gina manyan birane na dutse, kamar Tikal. Sun san sifiri, suna ƙirga da ashirin ashirin, shekararsu kuwa kwana 365 ce. Suna da rubutun kansu, a kan takardar ɓawon itace.

A shekara ta 1562 wani mai wa'azi daga Sifen, Diyego da Landa, ya tara littattafansu a garin Mani ya cinna musu wuta, domin a ganinsa aikin Shaiɗan ne. Gaskiya ne suna bautar gumaka, har da hadayar mutane. Amma wuta ba ta zaɓe. Ta cinye ilimin taurari da lissafin kwanaki duka. Yau littattafansu huɗu kaɗai suka rage. Abin mamaki, alamun da Landa ya tattara su ne suka taimaki masani Yuri Kunorozob ya soma karanta rubutun a 1952.

To, mu fa? Tsofaffinmu suna ta tafiya da tarihin zuriyarmu, ba mai rubutawa. Sakaci ma wuta ne. Bulus da kansa sai da ya duba bagadan Atina kafin ya yi wa'azi. Bishara ta raba mu da gumaka, ba ta maishe mu marasa asali ba. A hutun nan mu ba yara takarda da fensir, su zauna wurin kaka.