Kada uba ya sayar da sa don sayen takardar ƙarya

Da zarar sakamakon jarabawar Bak ya fito, gidaje da dama a Dakoro kan shiga shawara ɗaya: ina yaro zai dosa? Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, ta Abdou Moumouni tana Yamai, amma zuciyar yaro ta riga ta kai Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Masar ko Faransa. Wannan buri ba aibi ba ne, neman ilimi a nesa al'adarmu ce tun zamanin da almajirai ke tafiya gabas a ƙafa. Abin da ke damuna shi ne dillalin da ke shigowa tsakanin yaro da burinsa yana cewa, "Alhaji, kai dai kawo kuɗi, sauran aikina ne." Sai uba ya kora sa ko raƙumi kasuwa, ya ƙirga kuɗin ya miƙa, bai san abin da ya saya ba.

Abin da ya saya sau da yawa ƙarya ce mai hatimi: takardar banki da aka cika da kuɗin aro na 'yan kwanaki, takardar karɓa daga makarantar da babu wanda ya san ƙofarta, ko shekarun haihuwa da aka rage. Na san hujjar da ake bayarwa, wai Turawa ne suka tsananta wajen ba da biza, talaka ba shi da wata hanya. Gaskiya ne sun tsananta. Amma ƙaryar a kan ɗanka take faɗawa kafin kowa.

A ɗauki misalin Faransa. An daɗe ana neman ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a wata, wato sefa jika ɗari huɗu da 'yan kai. Ba ado ba ne wannan adadi; kuɗin haya ne da abinci da mota, kuma a manyan birane ma ba ya isa. Dokarsu ta yarje wa ɗalibi baƙo aikin awa 964 kacal a shekara. Idan takardar banki ta ce akwai kuɗi alhali babu, jami'in biza an ruɗe shi na rana ɗaya, amma mai gidan haya ba ya ruɗuwa a ƙarshen wata. Yaro ya bar aji ya bi aikin dare, ya faɗi jarabawa, a ƙi sabunta masa takardar zama, kunya ta hana shi faɗa wa gida. Uwa tana nan tana cewa ɗanta na karatu a Turai. Idan kuwa aka gano jabun tun a ofishin biza, sunan yaron ne ke shiga rajista, dillali ya riga ya canja lambar waya.

Ya kamata kuma iyaye su san cewa hanya ta sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Nijar, a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Duk wanda ya ce maka yana da "mutum a ciki", ka tambaye shi cikin wane ofishi.

Akwai ƙofofi na gaskiya, kuma ba a saye su. Gurbin karatu na gwamnati da na ƙasashen da ke hulɗa da Nijar ta hukumar tallafin karatu ta ANAB ake bin sa. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ana neman sa ne ta intanet a farkon shekara, ba a biyan ko dala wajen cika takardar. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan wannan, jahilcinka ya sayar maka.

Wani abu da ke kayar da yaranmu ba shi da alaƙa da zamba, sakaci ne kawai. Yaro Mahamadou ne a takardar haihuwa, Mahaman a takardar Bak, Mamane a fasfo. Wani kuma an haife shi a ruga ko ƙauye, ba a yi masa rajista ba sai da alƙali ya ba da takarda daga baya, ranar haihuwa ta zo iri biyu. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar ofishin biza mutum uku take gani. A gyara wannan tun yaro yana lise, kafin a nemi fasfo.

Masu zuwa Sakkwato, Katsina, Kano ko Zariya su ma kada su ce ai gida ne. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO, wadda Najeriya ke cikinta, ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna shige da fice har zuwa wani lokaci, amma alfarma ce da za a iya janyewa. Ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a Khartum a Afrilun 2023 sun ga amfanin fasfo mai rai a aljihu, da kwafen takardu a waya, da suna a rajistar ƙungiyar ɗalibai.

Nauyi mafi girma a ganina yana kan waɗanda suka je suka dawo. Dakoro ba ta rasa likitoci, malamai da injiniyoyin da suka yi karatu a Rabat, Aljiyas ko Alƙahira ba. Sun san yadda ake sabunta katin zama, sun san watan da ake buɗe neman gurbi, sun san nawa ɗaki yake ci. Shirunsu ne ke ciyar da dillali. Su nemi shugabannin lise su ba su yini guda kafin jarabawa, a tara ɗalibai da iyayensu, a yi bayanin da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a kuma nemi gidan rediyon gari ya watsa shi domin uban da ke daji da dabbobi ya ji da kunnensa.