Me ya sa wani hannu ya fi wani a wasan poka?

Duk wanda ya taɓa kallon wasan karta na poka, ko a fim ɗin Amurka ko a talabijin, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne yadda ake yanke hukunci. Mutum biyu su baje katuna biyar-biyar, a dubi na wannan, a dubi na wancan, nan take a ce wane ya ci. Sai mai kallo ya ɗauka wani ne can ya jera darajojin yadda ya ga dama, saura suka haddace. A gaskiya jerin yana da dalili, dalilin kuwa ƙidaya ce. Sai dai ƙidayar tana da iyaka, kuma a wannan iyaka nake ganin akwai abin lura ga duk wanda aikinsa ya shafi auna mutane da ba su matsayi. Hukuncin caca sananne ne a addininmu da al'adarmu, ban zo kiran kowa zuwa teburinta ba. Lissafin da ke ƙarƙashin wasan shi ne abin da ya dame ni.

Kwalin karta na da kati 52, an raba su zuwa alamomi huɗu, kamar yadda kartar Whot ke da da'ira da tauraro da sauransu. Kowace alama na da kati 13: daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K da A. Abin da ake kira hannu shi ne kati biyar da ɗan wasa zai nuna. Idan aka ƙirga duk hanyoyin da za a iya zaro biyar daga cikin 52, za a sami 2,598,960. A kan wannan adadi aka gina komai.

Mu bi darajojin daga ƙasa zuwa sama, da sunayen da na ba su a Hausa bisa ma'anarsu. Hannun da babu abin da ya haɗu a cikinsa, wanda sai dai a duba kati mafi girma, yana zuwa ta hanya 1,302,540, wato kusan rabin duka. Tagwaye, kati biyu masu lamba ɗaya, 1,098,240. Tagwaye biyu, 123,552. 'Yan uku, 54,912. Jeri, lambobi biyar a jere ko da alamominsu sun bambanta, 10,200. Alama ɗaya, kati biyar masu alama guda ba tare da sun jeru ba, 5,108. Cikakken gida, wato 'yan uku haɗe da tagwaye, 3,744. 'Yan huɗu, 624. Jeri mai alama ɗaya, 40 kacal, kuma huɗu daga cikinsu, daga 10 zuwa A, su ake wa laƙabi da jerin sarauta. Mai karatu zai ga cewa duk matakin da aka hau, adadin raguwa yake yi. Ka'idar ke nan: wanda ya fi wuyar samu shi ke kan gaba.

Ido kan yaudari mutum a nan. Sabon shiga yakan ɗauka jeri ya fi alama ɗaya wuya, domin 5, 6, 7, 8, 9 sun fi kama da abin da aka tsara. Amma a jeri kowace lamba na iya fitowa daga kowace alama cikin huɗun, don haka hanyoyinsa sun kusa ninka na alama ɗaya sau biyu.

Su ma masu wasan ba su gane haka tun farko ba. Poka ta taso ne a yankin kogin Misisifi da birnin New Orleans a farkon ƙarni na 19. Wani ɗan wasan kwaikwayo Bature mai suna Joseph Cowell ya bayyana yadda ya ga ana buga ta a 1829, da kati 20 kawai, mutum huɗu, kowa biyar. A lokacin babu jeri, babu alama ɗaya. Sunan cikakken gida ma daga nan ya samo asali, domin shi kaɗai ne hannun da duk katunansa biyar ke aiki. Da aka koma kwalin 52 sai sababbin hannuwa suka shigo, kuma littafin dokokin wasanni na American Hoyle, bugun 1864, ya sa jeri ƙasa da 'yan uku, alhali 'yan uku sun fi shi yawa fiye da sau biyar. Daga baya aka gyara, lissafi ya yi rinjaye a kan sabo.

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙidaya ce tushen ita ce abin da ke faruwa idan aka sauya kwalin. Akwai wani nau'in poka da ya yi fice a Asiya, wanda ake cire katuna daga 2 zuwa 5, a bar 36. A nan kowace alama saura kati tara gare ta, sai hannun alama ɗaya ya koma hanya 480, cikakken gida kuwa 1,728. Saboda haka a wannan nau'i alama ɗaya ce ke cin cikakken gida. Sunayen suna nan yadda suke, matsayinsu ne ya juya.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce lissafi ya gama komai. To amma a jefa joka ɗaya cikin kwalin, wato katin da mai shi ke iya mayar da shi duk abin da yake so. Akwai hanya 82,368 da mutum zai riƙe tagwaye, da joka, da wasu katuna biyu da ba su haɗu ba. Wannan mutum na da zaɓi: ya kira hannunsa 'yan uku, ko ya kira shi tagwaye biyu. Tun da 'yan uku ne a sama, can zai nufa, sai adadinsu ya tashi zuwa 137,280, ya wuce tagwaye biyu da ke 123,552. Ka'ida ta ce a juya su. Da an juya, kowa sai ya koma kiran hannunsa tagwaye biyu, adadinsu ya kai 205,920, 'yan uku su dawo 54,912. Duk wanda aka ɗora a sama shi ke zama mai araha. Babu jerin da zai daidaita.

Irin wannan na faruwa a nau'in Texas Hold'em, wanda ake bugawa a babban zagayen gasar duniya da aka soma a Las Vegas a 1970. A can ɗan wasa na zaɓen biyar mafi kyau daga kati bakwai. Kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙarewa da tagwaye, kashi 17 kacal ke tashi babu komai. Hannun banza ya fi tagwaye wuyar samu, amma ba wanda ya ɗaga darajarsa, domin da an yi haka masu tagwaye sai su ɓoye ɗaya su nuna katunan da ba su haɗu ba. Sai aka bar jerin kati biyar yadda yake, bisa yarjejeniya.

Wani zai ce ai wannan ya nuna jerin al'ada ce kawai. Ban yarda ba. Al'adar da aka gina a kan ƙidaya, aka kuma gyara ta da aka ga kuskure, ta bambanta da son rai. Abin da joka ya nuna shi ne cewa ma'auni na aiki ne muddin wanda ake aunawa ba shi da ikon zaɓar sunan da za a kira shi da shi bayan ya ga inda riba take.

Wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma ko na tantance masu neman aiki ya san wannan joka. A ce yawan takardun da malami ya wallafa shi ne ma'auni, sai bincike ɗaya ya tsage gida uku. A ce takardar halartar kwas ce, sai takardun su cika fayil. Abin da aka fifita don ƙarancinsa ya yawaita saboda an fifita shi. Masu poka sun magance nasu ta hanya biyu: manyan gasanni ba sa amfani da joka, kuma ana sanar da jerin darajoji kafin a raba kati, ba a taɓa shi har a tashi. Tun ran gini ran zane. Kwamitin da zai auna mutane ya kamata ya fara tambayar kansa ko ma'auninsa na da ƙofar da mai nema zai sauya wa aikinsa suna, ya toshe ta, sannan ya rubuta ka'idar ya kafe kafin ya buɗe fayil na farko.