Gumi Ba Kitse Ba Ne

'Yan'uwa, wanda ya zagaya filin wasa na Giginya da sassafe don ya rage ƙiba, sa'an nan ya biya wurin mai masa wai zai mai da abin da ya ƙone, a ganina wahalar banza ya sha. Tafiyar rabin awa ba ta cin fiye da kalori kamar 150, kwalbar lemo guda ta biya wannan. Gumin da zafin Sakkwato ke tsiyayarwa kuwa ruwa ne, ba kitse ba. A sha ruwa, a ci abinci yadda aka tsara, ban da ƙari.

Sai dai mai ciwon sukari da ke kan magani ko allura, kada ya fita da yunwa, gama sukarinsa na iya faɗuwa. Ya ga likita tukuna.